A Ba Mutanen Gari Makullan Tsofaffin Tashoshin Jirgi

Jama'a masu sauraro, damina ta sake kankama, kuma babu daminar da ke wucewa ba ta ci wani abu daga gine-ginen gwamnati da aka yi watsi da su a ƙananan garuruwanmu ba. Ina nufin tashoshin jirgin ƙasa, da gidajen ma'aikatansu, da manyan sito na gyaɗa da auduga da ke bakin layin dogo.

Layin Zariya ya isa Ƙauran Namoda a 1929, na Kano ya isa Nguru a 1930. Jirgin nan ne ya raya garuruwa irin su Malam Madori da Funtuwa, yana kwasar gyaɗa da auduga da fatu da ƙaro. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, jirgi ma ya yi ta ja da baya, aka datse ƙofofi da kwaɗo aka tafi.

Ku duba yadda irin ginin nan ke lalacewa. Iska ce za ta ɗaga kusurwar kwano ɗaya, a rasa mai buga ƙusa. Ruwa ya samu hanya, katako ya jiƙe, gara ta shiga. Kafin a ankara 'yan jari-bola sun ɓalle taga da ƙyaure, jemagu sun tare a ciki, awaki na kwana a ɗakin sayar da tikiti, da dare kuma masu shaye-shaye su mayar da wurin matattara. Kowane magini ya san cewa daga sama gini ke fara mutuwa, shi ya sa iyayenmu ba sa barin ruwan farko ya sauka ba su yi yaɓe sun gyara indararo ba. Ginin da babu kowa a ciki, wa zai ga inda yake yoyo?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mutanen garin suna gani, suna kuma da bukata, amma ba su da ikon taɓawa. Kadarar gwamnatin tarayya ce, hakimi bai isa ya buɗe ba, shugaban ƙaramar hukuma ma haka. A garuruwan nan ne kuma za ka tarar da yara na ɗaukar darasi a gindin bishiya, manomi na karyar da hatsinsa da kaka saboda ba shi da wurin ajiya. Ga sito mai cin ɗaruruwan buhuna, a kulle, yana ruɓewa! A ba su makullin mana.

Wasu na cewa ai kayan Turawan mulkin mallaka ne, ya rushe ma an huta. Wa ya ɗauki dutsen a ka? Kakanninmu ne, da harajinsu da guminsu, wasu ma da aikin tilas. Wasu kuma su ce a jira, jirgi zai dawo. Allah Ya sa ya dawo, amma idan aka ci gaba a haka, kango zai tarar. A bayar haya ko aro bisa yarjejeniya a rubuce: ƙungiyar manoma ko makaranta ta shiga, ta kula da rufi, ranar da hukuma ke bukatar kayanta ta karɓa da kyansa.

Wanda ke shakka ya je Zungeru a Jihar Neja. Nan ce hedikwatar Arewa tun 1902 kafin a koma Kaduna, nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Ƙaramar gadar ƙarfen da aka yi zamanin Gwamna Lugga, da aka ɗauke ta zuwa Kaduna, tana nan tsaye ana zuwa kallo. Gine-ginen mulkin da aka bari a Zungeru babu mai amfani da su, yawancinsu sai kufai da ginshiƙai a cikin ciyawa.

Ban ce kowane gini zai gyaru ba. Akwai waɗanda bangonsu ya tsage har ƙasa, injiniya ya duba, a sauke su kafin su faɗa wa yaran da ke wasa a ciki. Amma a yi wani abu, haba! Wannan zaman na ba a gyara ba, ba a rushe ba, ba a kuma bayar ba, shi ne ba za mu lamunta ba.

Gwamnoni ma ba su da sauran uzuri, domin gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi hurumi a harkar jiragen ƙasa. Gwamnatocin Jigawa da Yobe da Katsina da Zamfara su zauna da hukumar jiragen ƙasa, a bi layin nan tasha bayan tasha a ƙidaya abin da ya rage, a miƙa makullan ga masu bukata kafin wata daminar.