Motar Aike Da Ta Cinye Tseren Darlington Na 1950

Bari in ba ku labarin wata baƙar mota da ta shiga tseren motoci a Darlington, a Amurka. Plymouth ce ƙirar 1950, da lamba 98 a jikin ƙofarta. Injinta silinda shida ne, ƙarfin doki 97, irin motar da magidanci zai saya don kai yara makaranta da zuwa cefane. Kafin tseren ma aike ake yi da ita. A gwajin gudun da aka yi wa motoci, ita ce ta fi kowacce jan ƙafa. Amma ranar da aka kara, ita ta zo ta ɗaya, ta kuma ba ta biyu ratar zagaye tara cur.

Bari mu koma baya kaɗan. A watan Fabrairun 1948 aka kafa NASCAR, hukumar shirya tseren motoci, a Daytona Beach da ke jihar Fulorida a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Bill France. Dabararsa ita ce a yi tsere da motocin da kowa ke iya saya a kasuwa, yadda ɗan kallo zai ga irin tasa motar a fili, ya ce kai, ashe tawa ma tana iya haka. Da yawa daga cikin direbobin farko sun koyi gudu ne wajen safarar giya ta ɓarauniyar hanya, suna tsere wa jami'an tsaro cikin dare. Kuma kusan duk filayen da suka saba da su na ƙasa ne, gajeru, ƙura na tashi, mota na zamewa a kwana.

Sai ga wani ɗan kwangila a jihar Karolina ta Kudu, Harold Brasington. Ya taɓa zuwa kallon tseren Indianapolis 500 a 1933, abin ya tsaya masa a rai. Ya samu gonar auduga da gyaɗa a wajen garin Darlington, ya ce nan zai shimfiɗa kwalta. Mai gonar, Sherman Ramsey, ya kafa masa sharaɗi ɗaya: kada a taɓa masa tafkin kifinsa. Dole Brasington ya matse gefe guda na filin, ya buɗe ɗayan. Shi ya sa har gobe idan ka kalli filin Darlington daga sama, kamar ƙwai yake. Ƙananan kifaye ne suka zana shi.

Ranar Litinin 4 ga Satumba, 1950, ranar hutun ma'aikata a Amurka, aka yi tseren farko, wanda aka sa wa suna Southern 500. Zagaye 400 a fili mai tsawon mil ɗaya da kwata, jimilla mil 500, wato kilomita ɗari takwas da ɗoriya. NASCAR ba ta taɓa yin tsere mai wannan nisan ba. Mutane kusan 25,000 suka yi dafifi, garin bai da masaukin da zai ɗauke su, wasu a cikin motocinsu suka kwana. Motoci 75 suka jeru, uku-uku a layi.

A sahun gaba akwai Curtis Turner da Oldsmobile ɗinsa. Cikin sauran masu tseren akwai Red Byron, zakaran 1949, cikin Cadillac mai ƙarfin doki 160. Akwai Fireball Roberts, matashi ɗan shekara 21. Shi kuwa mutumin namu, Johnny Mantz, wanda ya zo daga Kalifoniya, daga matsayi na 43 ya tashi. Kada ku yi mamakin yadda mafi jan ƙafa ya samu tsakiya: gwajin ya ɗauki kusan mako biyu, wanda ya yi nasa da wuri yana gaban wanda ya makara.

To, me Mantz ya sani wanda sauran ba su sani ba?

Ya san kwalta. Ya yi tseren Indianapolis a 1948 da 1949, ya ga abin da doguwar tafiya a kan daɓe mai tauri ke yi wa roba. A filin ƙasa, taya tana zamewa ne, ƙasar na ba ta hanya. Kwalta ba ta da wannan sassaucin. Cizon tayar take yi, tana kankare ta kamar magogi. Ga zafin rana, ga nauyin mota, ga kwanar da kullum hagu ake yi, sai duk wahalar ta taru a kan tayoyin dama. Iya gudunka iya zafin da robar za ta ɗauka, mota mai nauyi kuma ta fi saurin cinye tata. Tayoyin da ke jikin motocin nan na gida ne, ba a yi su don wannan azabar ba.

Shi Mantz sai ya ɗaura wa Plymouth ɗinsa tayoyin babbar mota, masu taurin roba. Ba su da daɗin tuƙi, ba su kama titi kamar masu laushi, amma suna jure duka.

Aka kaɗa tuta. Gober Sosebee ya ja gaba na zagaye huɗu, Turner ya karɓe, daga baya Cotton Owens ya karɓa. Ba a jima ba sai tayoyi suka fara fashewa, wannan ya shiga wurin gyara, wancan ya fito, kafin ya yi nisa ya sake komawa. Ku tuna, a lokacin babu bindigar kwance noti mai aiki da iska. Jak ne da sifana, mutum ya durƙusa a kan kwalta mai zafi yana murɗawa da hannu, gumi na zuba, motoci na wucewa. Kowace taya da ta fashe, mintoci ne suka tafi. Da tayoyin ajiya suka ƙare, sai makanikai suka fantsama wurin ajiye motocin 'yan kallo, suna neman tayar da za su kwance. Ka zo kallo da motarka lafiya lau, ka dawo ka tarar da ita a kan jak.

Mantz kuwa yana nan yana zagayensa, ba gaggawa, ba taka birki da ƙarfi. Sannu ba ta hana zuwa. A zagaye na 50 ya karɓi gaba, kuma daga nan babu wanda ya sake ganin gabansa. Zagaye 351 ya yi yana jan ragamar tseren. Shi Turner da ya tashi daga matsayi na ɗaya, motarsa kifewa ta yi a zagaye na 275.

A ganina, abin da ya fi wuya a ranar haƙurin ne. Kana zaune a cikin ƙarfe mai zafi, Cadillac ta wuce ka fiu, Oldsmobile ta wuce ka fiu, ƙafarka na ƙaiƙayi, amma ka hana ta. Sa'a shida da minti 38 yana wannan hanin. Matsakaicin gudunsa bai fi mil 75 a sa'a da 'yan kai ba, kusan kilomita 121, gudun da motar gida ta yau ke yi direba na hira da na gefensa.

Roberts ya zo na biyu, Byron na uku. Mantz ya tafi da dala 10,510. Akwai kuma wani abu da ya sa aka yi ta gunaguni: cikin waɗanda suka haɗa kuɗi suka mallaki Plymouth ɗin har da Bill France kansa, shugaban hukumar da ke shirya tseren. Waɗanda aka kayar suka ce ba su yarda ba, ta yaya wannan 'yar motar za ta doke Cadillac, lallai an yi wa injinta wani abu. Aka binciki motar, nasarar ta tabbata.

Wannan ita ce nasara ɗaya tilo da Johnny Mantz ya samu a babban rukunin NASCAR. Ya rasu a 1972 a haɗarin mota a kan titi a Kalifoniya. Kofin da ake miƙa wa wanda ya ci Southern 500 a Darlington, sunansa yake ɗauke da shi.