Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina Yayin Ziyarar Duba Dam Ɗin Garinmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Mai girma Kwamishina, babban baƙonmu na yau, mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, Shugaban Ƙaramar Hukuma, Allah gafarta Malam Liman, dagatai da masu unguwanni, injiniyoyin da suka rako baƙonmu, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

A madadin manoman rani, masunta da makiyayan da ke shan ruwan wannan dam, ina yi maka barka da zuwa. Mun ga ƙurar da motarka ta kwaso tun daga bakin titi, ba sai mun ba ka labarin hanyarmu ba. Wannan koken mun ajiye shi sai wata rana, yau maganar ruwa ta tara mu.

Ranka ya daɗe, dattawanmu sun ga lokacin da gari ke watsewa da zarar an gama girbi, samari su tafi cirani, mata su yi asubanci zuwa rijiyar da sai an jira ta tara. Marigayi Audu Baƙo, tsohon gwamnan Kano, ya nuna wa Arewa cewa ana iya tare ruwan damina a ci moriyarsa da rani. Ya gina madatsar Bagauda, ya kafa ta Tiga wadda aka kammala a 1974, ƙananan madatsai suka biyo baya. Namu ɗan ƙarami ne, tarin ƙasa ne da aka daddaɓe aka tare rafi, ko kusa bai kai mita 15 ɗin da masana ke kira babban dam ba. Amma da shi muke noma tumatir da albasa da attaruhu, da shi ake kama karfasa da tarwaɗa, a nan shanu ke sha a watan Afrilu lokacin da tafkuna suka zama tsagaggen taɓo.

To, dam ɗin ya tsufa. Idan ka hau kan gaɓar za ka ga bishiyoyin darbejiya sun kafu a jikinta. Mu da kanmu muka bar su saboda inuwa, ba mu san saiwarsu na huda ƙasa ba, idan ta ruɓe ta bar wa ruwa hanya. Akwai shurin gara, akwai ramukan gafiya, kofaton shanu kuma ya zaftare gefe guda. Mafitar da rarar ruwa ke bi idan dam ya cika, yashi da ciyawa sun toshe rabinta. Dam ɗin da aka yi da tarin ƙasa kuwa, in ruwa ya haura ta kansa, cinye shi yake yi kamar gishiri a miya.

Abin da ya fi hana ni barci yana can ƙasan gaɓar, bayan gonar albasa. Shekara da shekaru ruwa na tsattsafowa a wurin, garau da shi, har yara na wanke ƙafa. Daminar da ta wuce na tara tafin hannuna, sai na ga laka ta kwanta a ciki. Wani ɗanmu da ya karanci aikin injiniya ya ce mini farin yoyo da sauƙi, amma in ya zo da laka, cikin gaɓar ruwan yake kwasowa. Tun ranar nake zagaya wurin bayan sallar asuba.

Shi ya kuma fahimtar da mu cewa a ƙasashe irin su Amurka, haɗarin dam hawa uku ne: ƙarami, matsakaici da babba. Kuma ba girman dam ake dubawa ba, tambayar ita ce: in ya ɓalle, wa zai tarar a gabansa? Lokacin da aka gina namu, gonaki ne kawai a gangaren. Yanzu unguwa ce guda, da makarantar firamare, da Islamiyya, da masu injin niƙa. Duk takardar da ta ce dam ɗinmu ba shi da haɗari, an rubuta ta ne kafin a haifi waɗannan yaran da suka rera maka waƙar maraba.

Bagauda ta ɓalle a watan Agusta na 1988. Dam ɗin Alau ya ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwan ya shiga Maiduguri cikin dare mutane na barci. Waɗannan manya ne, suna da ma'aikata da ofis. Namu ko mai gadi ba shi da shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, a turo injiniyoyi su duba gaɓar nan sosai kafin ruwan fari, su ƙirga gidajen da ke gangare, a sake rubuta matsayin dam ɗin. A yashe mafitar, a kafa mana ma'aunin da ko yaro zai karanta ya san ruwa ya kai inda za a yi shela. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: matasanmu a shirye suke su fito gayya, amma an gargaɗe mu kada mu tumɓuke manyan bishiyoyin da ka, don haka muna jiran wanda zai tsaya a kanmu.

Iyayenmu mata sun dama fura, ga gasasshen kifi daga dam ɗin. Sai dai muna neman alfarma a fara takawa zuwa bayan gonar albasar, tafiyar ba nisa, ka tara hannunka da kanka. Allah ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.