Kafin ka ce "netwok ne": lacca kan gyaran hoto da sauti wajen haska wa abokai wasa

An rubuto wannan daga faifan laccar da aka yi wa matasa masu wasannin kwamfuta.

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Da mai Discord, manhajar hira da abokai, da mai Steam, dandalin wasannin kwamfuta, da mai OBS, manhajar ɗauka da haska bidiyo, kukanku ɗaya ne. Ka kunna wasa, ka haska wa abokai, sai wani ya ce hoto ya dagule, wani ya ce shi ba ya jin komai. Nan take sai a ɗora wa netwok laifi. Ni kuwa abin da ya kawo ni shi ne in roƙe ku ku riƙa gano inda ciwon yake kafin ku kama magani. Hoton nan zango uku yake yi: kwamfutarka ta zana shi ta matse shi, layin intanet ya ɗauka, na'urar abokinka ta warware shi. Kowane zango da irin alamarsa.

Fara da tambaya. Mutum huɗu na kallo, ɗaya ne kaɗai ke ƙorafi? To wajensa abin yake, kada ka taɓa saitinka. In duka huɗun ne, sai ka dawo kanka.

Intanet ƙofa biyu gare shi, ta shigowa da ta fita. In ka auna gudunsa za ka ga lamba biyu, mutane kuma babbar suke kallo, ta saukewa. Mai haska wasa da ƙaramar yake aiki, ta turawa. Hoton 720p (lambar girman hoto ce) mai firam 30 a daƙiƙa, wato hotuna 30 ke wucewa kowace daƙiƙa, yana son kusan kilobit 3,000 a daƙiƙa, 1080p mai firam 60 kuwa sai wajen 6,000. In ƙofar fitarka megabit 4 ce kacal, wato kilobit 4,000, ka nemi na biyun, ka yi wa jaki kayan raƙumi.

Bari in tsaya a nan, don wurin yana da muhimmanci. Kun lura hoto yakan yi tas in ɗan wasanka yana tsaye, amma da ka juya da sauri, ko ka shiga ciyawa, ko aka kece da ruwa a wasan, sai ya farfashe ya zama murabba'i murabba'i? Dalili shi ne manhajar matse hoto ba ta tura kowane firam cikakke. Abin da ya canza tsakanin wannan da wancan take turawa. A tsaye canjin kaɗan ne. A cikin ciyawa mai kaɗawa kuwa kusan komai ya canza, ga hanya ƙarama, dole ta zubar da wasu bayanan. Shi ya sa nake cewa ka sauko 720p. Wallahi 720p mai tsabta ya fi 1080p mai hazo daɗin kallo, kuma Discord na kyauta ma a 720p da firam 30 ya tsaya.

Na taɓa kwana uku ina kiran masu ba ni intanet, hoto na tsayawa kowane dare. Ashe wayata ce, da na jona ta a caji sai ta fara kwashe bidiyoyin yini zuwa ma'ajiyar intanet, ta cinye ƙofar fita. Ku duba irin wannan. Sannan in da hali ku ja waya daga rauta, wato akwatin Wi-Fi, zuwa kwamfuta. In babu, ku koma tashar Wi-Fi ta 5 GHz ku matso kusa, ta 2.4 cunkoso ya yi mata yawa.

Wani lokaci layi lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ce ta gaji. Wasa ya cinye katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta mai zana hoto, ɗari bisa ɗari, bai bar wa mai ɗauka komai ba. Kai kana ganin wasa sumul, su suna ganin yana ɗingishi. Ƙayyade firam ɗin wasan, a ce 60. A saitin matse hoto, mai katin hoto na kamfanin Nvidia ya zaɓi NVENC maimakon x264, don NVENC ɓangare ne na daban a cikin katin, x264 kuwa kan furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, yake hawa. OBS yana da tagar ƙididdiga da ke raba firam ɗin da suka zube saboda layi, da na matsewa, da na zanawa. Ku koyi karanta ta. Baƙin allo kuma sau da yawa daga laftof mai katin hoto biyu ne, ko wasan da ya mamaye allo shi kaɗai. Mayar da wasan taga marar iyaka, wato "borderless window" a saitinsa.

Sauti ne ya fi damuna, domin aboki zai jure hoto mai hazo, amma ba zai jure ƙara a kunne ba. In yana jin muryarsa na dawo masa, lasifikarka ce ke zuba a makirfo, sa abin kunne. In abin kunnenka na Bluetooth ne, da makirfonsa ya buɗe sai sauti ya koma kamar na tsohon tarho, domin ya sauya zuwa tsarin kira. Nemi makirfo daban. In sautin wasa na raguwa da an fara magana, Windows ne, yana da saitin da ke rage sauran sautuka da kashi 80 cikin ɗari lokacin kira. Ƙaƙas-ƙaƙas kuma, duba saitin sauti ko wata na'ura na kan 44.1 kHz wata na kan 48, ka daidaita su duka a 48. Kuma ku canza abu ɗaya, ku gwada, sannan na gaba. Mai canza biyar a tare, ko ya gyaru bai san me ya gyara ba.

Ga hannu can. Na'am, ƙanena?

"Malam, ni muryata ce ke riga hoton kyamarata isa."

Yawwa. Kunna ɗauka a OBS, ka tafa sau ɗaya a gaban kyamarar. Buɗe bidiyon ka ƙirga firam nawa ne tsakanin ƙarar tafin da haɗuwar hannuwanka. A firam 30, kowane ɗaya kusan milisakan 33 ne (milisakan dubu ke yin daƙiƙa ɗaya). In shida ka samu, ka shiga saitin sauti ka jinkirta makirfo da milisakan 200, ka sake tafawa ka gani. Sai wa kuma?