Seleri a Lambun Gida: Yadda Zai Yi a Ƙasar Sakkwato

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, 'yan uwa maza da mata, sannunku da zuwa.

Yawancin selerin da muke saye a kasuwa, wato ganyen nan mai kara da ƙanshi da ake sawa a miya, daga wajen Jos yake zuwa, kuma kafin ya iso hannunmu ya yi yaushi. Wasu na cewa ba ya yi a nan. Yana yi, sai dai ba ya yafe wa wanda ya kuskure lokaci.

Seleri ɗan'uwan karas ne, shukar sanyi. Ya fi jin daɗin yanayi tsakanin digiri 15 zuwa 21, mu kuwa a Afrilu muna haura 40. Daga iri zuwa girbi yana cin wata huɗu zuwa biyar. To ku lissafa: hunturunmu daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Wanda ya jira sai sanyi ya kankama sannan ya zuba iri, bazara za ta riske shi, ya tarar da kara mai zare-zare da ɗaci. Don haka reno a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, dashe a Disamba.

Wahalar tana wajen renon nan, ku ba ni hankalinku. Irin ƙanana ne ƙwarai, kuma yana son haske kafin ya tsiro, saboda haka ba a binne shi. Ku jiƙa shi ya kwana, ku barbaɗa bisa ƙasa mai laushi a cikin tsohon kwano mai huji, ku danna da tafin hannu. In zafi ya yi yawa, irin kwanciya yake yi ya ƙi tashi, ga shi Oktobanmu ba sanyi. Ku kai kwanon gindin randa, inda haske ke shiga amma rana ba ta duka. Ku riƙa yayyafi da hannu safe da yamma. Sai ya yi mako biyu ko uku kafin ya leƙo. Iyayena mata, kada a zubar a ce irin ya mutu.

Ƙasar gidajenmu rairayi ce, ba ta riƙe ruwa irin ta fadamar Kwalkwalawa ko Wurno. Ku cakuɗa ta da kashin shanu da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ƙona dashe yake yi. Tazara kamar taƙi ɗaya. Wanda ba shi da fili, buhu ko bokiti ya isa.

Sai ruwa. Saiwarsa ba ta nisa, iskar hunturu kuma busar da ƙasa take yi nan da nan. Mai albasa zai iya tsallake kwana, mai seleri ba zai iya ba. In aka bar shi ya bushe yau, gobe aka malale shi, tsakiyarsa ke yin baƙi ta ruɓe, domin sinadarin kalsiyam ya kasa kaiwa ga sabon toho. Ku rufe gindin da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, ku kafa masa zana ta gefen da iska ke kaɗowa.

Ni shawarata, mai farawa ya nemi seleri mai ganye, mai siririn kara. Ya fi jure zafi, kuma ƙanshin da ake nema a farfesu da miya yana cikin ganyen. In ya yi, kada ku tuge shi. Ku riƙa yankar karan waje kuna barin tsakiya, zai ci gaba da ba ku har zafin Maris ya shigo.