Amsoshin Tambayoyinku: Allurar Da Ke Nuna Rabin Gudun Inji

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Damagaram. Yau saƙonni uku ne a gabana, biyu daga mutum ɗaya ne, kuma wallahi sai da na karanta na farko sau biyu saboda daɗi.

Wani matashi ne daga unguwar Sabon Gari, bakanike, ya ce ya samo injin Mazda RX-8 daga wajen masu kayan gwanjo, irin wanda ba shi da fistan, ya ɗaure shi a kan teburin ƙarfe a tsakar gida yana son ya haɗa ƙaramin jirgin sama na mutum ɗaya. Ya ce inji na tashi lafiya lau amma agogon da ke ƙirga juyi yana nuna masa 400 alhali kunnensa na gaya masa ya fi haka nesa, shin agogon ne ya mutu?

To ƙanena, agogonka lafiyarsa ƙalau, kunnenka ma haka. Shi wannan agogo ba ganin inji yake ba, tartsatsin bobin, wato abin da ke ba buji wuta, yake ƙirgawa sai ya raba da lambar silinda da ka saita masa, shi kenan aikinsa. Injin naka kuma ba irin na Hilux ba ne. Wani Bajamushe Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi, na farko ya tashi a 1957, Mazda suka ɗauka suka sa a mota tun 1967. A ciki akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ake ce wa rota, yana yawo cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa, naka biyu ne, kowanne cc 654. In rota ya zagaya sau ɗaya sandar tsakiya ta yi uku, wato kowane rota yana ba da wuta ɗaya a duk juyin sanda, su biyun wuta biyu, daidai da inji mai silinda huɗu. Shi ya sa kowa zai ce maka sa agogo a kan 4. Amma fa RX-8 bobin huɗu gare ta, don kowane rota buji biyu gare shi, na ƙasa da na sama, kowane buji kuma da nasa bobin, kai kuma daga guda ɗaya ka ja waya, to tartsatsi ɗaya agogon ke ji a kowane juyi maimakon biyu. Ga rabinka nan. Juya bayan agogon ka mayar da shi kan 2, za ka ga 400 ta koma wajen 800. Da Mazda RX-7 ce ta 1986 zuwa 1991, bobin ɗin bujin ƙasa guda ɗaya ne mai baki biyu, yana harbawa sau biyu a juyi, a nan 4 ɗin ce daidai.

Kuma don Allah kar ka yarda da agogo ɗaya. Ari irin na hannu mai haske, manna farin tef a kan fuli ka auna, in sun zo ɗaya sannan hankalinka ya kwanta. Ina nacin nan ne don injin nan a sama yana aiki ne a wajen juyi 6,000 a minti, farfela kuwa ba ta son wuce 2,700, giya ce a tsakaninsu ke rage gudun, to wanda agogonsa ke nuna rabi zai yi ta ƙara wuta yana zaton inji bai kai ba.

Saƙonsa na biyu, ya ce ya cire wayoyin buji zai wanke ƙura ya manta wurin kowace. Nan ne gabana ya faɗi. Duba jikin gidan rota kusa da ramukan, akwai L akwai T. L shi ne na ƙasa, shi ke fara kunna wuta, T na sama yana biyo shi da ɗan jinkiri ya ƙone sauran man. Bujin ma ba iri ɗaya ba ne, kar ka musanya su. In ka kai wayar T ta rota na ɗaya kan na biyu, wuta za ta kama tun mai bai gama matsuwa ba, bugun nan kuma shi ke karya siririn ƙarfen da ke kan kusurwar rota, wanda ke aikin zoben fistan, in ya karye sai an wargaza inji gaba ɗaya, kayan kuma ba a kasuwar Dole za ka same su ba. Sai wani abu da ke rikita mutane: rota na ɗaya shi ne na wajen fuli. A mota shi ne gaba, amma a jirgin da farfelarsa ke hanci ana juya injin ne, sai na biyu ya koma gaba. Rubuta L1, T1, L2, T2 a tef ka naɗa wa kowace waya kai da gindi kafin ka sake taɓa makulli.

Na ƙarshe daga wani malamin makarantar koyon sana'a ne a Mirriya, ya ce allurar agogon juyinsu rawa take yi in an ba da wuta. Malam, barka da ƙoƙari, ku fara da mas, wato hanyar da wuta ke bi ta koma baƙin kan batir. Mota duk jikinta ƙarfe ne, ko'ina ka ɗaura ya zauna, amma teburin katako ko jirgin katako ba haka ba ne, sai kun ja waya mai kauri daga inji zuwa baƙin kan batir, sauran mas duka su haɗu wuri ɗaya. Sannan ku raba wayar agogo da wayoyin buji, kar su kwanta tare, in da hali ku sa mai rigar ƙarfe ku ɗaure rigar a kai ɗaya kawai.

Ƙanena na Sabon Gari, na dawo gare ka kafin lokaci ya ƙure. Injin nan ba shi da magneto, na'urar da ke ba buji wuta ba sai da batir ba, irin na jiragen gaske, batir ya mutu wuta ta mutu nan take, don haka batir biyu, kuma L da T kowanne da makunninsa da fis ɗinsa. A ƙasa ka gwada, kashe T inji zai ɗan sauka, kashe L zai sauka sosai, amma bai kamata ya mutu ba. Maganar tashi kuwa ba yanzu ba, sai ANAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijar, ta gani ta yarda. Ka sake rubuto mana mako mai zuwa ka faɗa mana lambar da agogon hannu ya ba ka.