Zaƙin Fich Daga Kan Bishiya Yake Fitowa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓo a kan 'ya'yan itatuwa masu ƙwallo a ciki, irin su fich da fulam da ceri, waɗanda ake nomawa a ƙasashe masu sanyi. China kaɗai tana noma fiye da rabin fich ɗin duniya.

Na farko, awon zaƙi. Harshe ba ma'auni ba ne, wanda ya saba shan shayi da suga cokali huɗu komai salam zai ji shi. Kun ga wannan 'yar na'urar mai kama da tocila? Rifiraktomita ke nan. Ka matsa ɗigo biyu na ruwan ɗan itacen a kan gilashinta, ka rufe, ka ɗaga wajen haske ka leƙa. Lambar da ka gani Biriks ake ce mata, daga sunan wani Bajamushe, Adolf Brix. Biriks 1 kamar giram 1 ne na suga a cikin giram 100 na ruwan. Fich mai 8 lami ne, mai 12 kuwa mai saye zai dawo.

Na biyu, kuma nan ne zuciyata take, rage 'ya'ya. Ganye ne ke haɗa suga da hasken rana, 'ya'ya ci kawai suke yi. Tukunya ɗaya ce, in masu ci sun yi yawa kowa loma zai samu. Shi ya sa manomi a Kalifoniya ko Sifen yake bin reshe yana tsinke 'ya'ya tun suna ƙanana, ya bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsu, kowane ɗa ya samu ganye wajen 30. Na ga Alhaji yana girgiza kai, wai asara! Alhaji, ba ka rage gero a rami bayan ya tsiro? Duk ɗaya ne. Ka zubar da rabi, ka zubar, na ce ka zubar. Kuma ku auna da kanku, ɗan da ke sama yana shan rana ya fi wanda ke ɓoye cikin inuwa zaƙi, alhali uwa ɗaya ce.

Na huɗu... a'a, na uku ke nan, ruwa da taki da ajiya. Bari in yi sauri. Ban ruwa da yawa dab da tsinka yana tsarma zaƙi. Yuriya in ta yi yawa sai ganye ya rufe rana. Ajiya kuma a kusa da digiri 0 na Salshiyas, domin tsakanin 2 da 8 cikin fich gari-gari yake komawa.

Na'am, Hajiya? Tana cewa ai mangwaro ɗanye in an rufe shi a kwando yana zaƙi, don me ba za a yi wa fich haka ba. Tambaya mai kyau. Shi mangwaro yana da sitaci a cikinsa, bayan an tsinke sai ya narke ya zama suga. Fich ba shi da wannan ajiyar. Zai yi laushi, tsaminsa ya ɗan ragu, amma sugan da ya sauko da shi daga bishiya shi ke nan. Gobe ki zo da mangwaronki biyu, ɗanye da nunanne, mu ɗiga a na'urar ki leƙa da idonki.