Benen da ke shan iska da kansa a tsakiyar Pittsburgh

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau ina tsakiyar birnin Pittsburgh a jihar Pennsylvania ta Amurka, daidai inda titin Fifth ya haɗu da titin Wood. Bari in ɗaga kyamarar sama. Kun ga wannan dogon benen na gilashi? Hedikwatar bankin PNC ce, hawa 33, an buɗe ta a watan Oktoban 2015 bayan an kashe kusan dala miliyan 400. Ba tsawonsa ya kawo ni ba, don a garin nan ma akwai waɗanda suka fi shi. Abin da ya kawo ni shi ne yadda yake shan iska da kansa.

Ku tsaya in matso da hoton. Bangon nan da kuke gani ninki biyu ne, gilashi a waje, gilashi a ciki, da fili a tsakani wanda mutum zai iya shiga ya tsaya. Akwai na'urorin da ke auna yanayi, idan suka ga babu tsananin zafi ko sanyi, iskar gari kuma tana da kyau, sai waɗancan siraran tagogin na waje su turo kansu, ƙofofin iska na ciki su buɗe. Can ƙololuwa kuma rufin gilashi ne a karkace, ƙarƙashinsa an shimfiɗa kankare an shafe shi da baƙin fenti. Rana ta buga kankaren ya yi zafi, iska mai zafi ta tashi sama ta fice, tana fita tana janyo ta ƙasa ta wasu manyan hanyoyi biyu da suka ratsa tsakiyar ginin, sabuwa kuma tana shigowa ta tagogi. Babu fanka, babu injin. Kamfanin Gensler ne ya zana shi, kuma lissafinsu shi ne zai iya wadatuwa da iskar Allah a kusan kashi 42 cikin ɗari na lokutan aiki, ya kuma ci rabin makamashin da takwarorinsa ke ci. Ya samu shaidar LEED Platinum, matakin ƙoli da ake ba ginin da ke tattalin wuta da ruwa.

Duk wanda ya taɓa shiga zauren ƙasa a cikin birnin Kano da tsakar rana a watan Afrilu ya san abin da nake nufi, gini ne ke sanyaya kansa. Shi ya sa nake jin ciwo in na tuna benayen gilashin da ake ta dasawa a biranenmu, tagoginsu a liƙe, ana ɗauke wuta kowa ya hau zufa sai an tayar da janareta.

To me ya sa mutanen nan suka damu da iska haka? Garin ƙarfe ne. A da, masana'antu sun jeru a bakin kogin Monongahela da na Allegheny suna ƙona kwal dare da rana, har ta kai ana kunna fitilun titi da rana tsaka saboda hayaƙi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu magajin gari David Lawrence ya haɗa kai da attajiri Richard King Mellon, aka tsaurara dokar hayaƙi, aka share bakin ruwa aka yi wurin shaƙatawa na Point. Sai kuma masana'antar ƙarfen ta durƙushe a shekarun 1980. Garin da ke da mutum sama da 670,000 a 1950, ƙidayar 2020 ta same shi da 300,000 da 'yan kai.

Yanzu mu sauko da kyamarar ƙasa, don a nan maganar take. Ku biyo ni. Ga agogon nan na tagulla maƙale a kusurwar Fifth da Smithfield, agogon kantin Kaufmann's, inda mutanen gari suka saba cewa mu haɗu a ƙarƙashinsa. Katafaren kantin, wanda daga baya ya koma Macy's, an rufe shi a 2015, shekarar da aka buɗe benen PNC. Jifa ɗaya ne tsakaninsu. Wannan ya nuna mini cewa bene, kome kyawunsa, ba ya raya kasuwa shi kaɗai. Ma'aikaci ya zo da safe, ya hau lif, ƙarfe biyar ya shiga motarsa ya koma bayan gari. Da korona ta zo a 2020 aka koma aiki daga gida, sai ofisoshi da dama suka zama wayam, masu sayar da abincin rana suka rasa masu saye.

Ku dubi saman tsohon kantin yanzu. Gidajen haya ne, ƙasansa kuma kamfanin kantuna na Target ya buɗe shago a 2022. Kun ga baiwar Allah nan da ta fito da leda biyu a hannu, da yaro a keken turawa? Irinta nake nema tun ɗazu. Wanda ke kwana a unguwa shi ke sayen madara da dare, shi ke sa mai shago ya ƙi rufewa da wuri. Gwamnati ma ta gane haka, don a Oktoban 2024 gwamna Josh Shapiro ya sanar da shirin kusan dala miliyan 600 na tsakiyar garin, babban ɓangarensa mayar da tsofaffin ofisoshi gidajen zama kusan dubu, da gyaran dandalin Market Square. Fatana a bar wa mai ƙaramin ƙarfi gurbi a ciki, mai shara da mai gadi da mai dafa abincin benayen nan su ma su iya kama ɗaki.

Akwai dalilin da ya sa na faɗi haka. Can gabas, bayan waɗancan benayen, unguwar Hill District ce ta baƙaƙen fata. A shekarun 1950, da sunan gyaran gari, aka rushe ɓangarenta na ƙasa aka tashi mutum kusan 8,000 don a gina filin wasa na Civic Arena. Filin wasan ma yanzu babu shi, an rushe, wani bankin ya kafa sabon bene a wurin. Can zan nufa yanzu in ji ta bakin dattawan unguwar, sai mun haɗu a bidiyo na gaba in Allah Ya yarda.